Laka Da Ƙashin Bayan Manomi, Da Abin Da Bazara Ke Zuwa Da Shi

Duk manomin da ya taɓa tsayawa kan mahauci sa'ad da ya ke sara ƙashin bayan rago, ya ga wani farin abu mai taushi kamar igiya yana kwance cikin ramin ƙashin. Wannan ita ce laka. Yadda ta ke ga rago, haka ta ke ga ɗan Adam. Daga ƙwaƙwalwa ta taso, ta bi ta cikin ƙashin baya ta gangaro har wajen kwankwaso, kaurinta bai wuce na ƙaramin yatsa ba.

Shi ƙashin bayan ba guda ɗaya ba ne. Gaɓoɓi ne 33 jere bisa juna, 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a kwankwaso, sauran kuwa sun manne da juna can ƙasa. Tsakanin gaɓa da gaɓa akwai wani ɗan matashi kamar gammo, shi ke hana su gugar juna. Ta tsakankaninsu kuma jijiyoyi ke fitowa daga laka, dama da hagu, har 31 kowane gefe, su bazu cikin jiki. Bahaushe ya kan kira hanyar jini jijiya, ya kira agara jijiya, amma waɗanda a ke magana a nan su ne masu kai saƙo. Ƙwaƙwalwa kamar fadar Sarki ce, laka ita ce babbar hanya, jijiyoyi kuwa manzanni ne masu kai umurni ƙauyuka su komo da labari. In hanya ta yanke, ƙauye yana nan da mutanensa, amma ba ya jin fada, fada ba ta jinsa. Shi ya sa a kan ga ƙafar mutum lafiya lau, ba rauni ba kumburi, amma ta ƙi motsi.

An naɗe ƙwaƙwalwa da laka cikin tantani har uku, da wani ruwa garai-garai a tsakani. To, a nan ne babban abokin gaban mutanen ƙasar Gumel ya ke sauka, watau sanƙarau.

Abin da ya faru a 2023

Mutanen Sule Tankarkar ba su bukatar a gaya musu sunan wannan ciwo. Tun daga Oktoba 1 ga wata 2022 zuwa 16 ga Afrilu 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya mutum 1,686 da a ke zaton sun kamu a Nijeriya, 124 suka rasu. Kusan kashi uku cikin huɗu na masu ciwon nan daga Jihar Jigawa su ke, kuma Maigatari da Sule Tankarkar su suka fi kowa jin jiki. A tsallaken iyaka ma haka abin ya ke, gama tun ƙarshen 2022 ciwon ya tashi a ƙasar Damagaram, ya fi ƙarfi a wajen Dungas. Cikin watan Maris 2023 aka fita allurar gaggawa a Sule Tankarkar da Gumel da Maigatari da Gagarawa.

Wanda ya san kasuwar Maigatari ran Alhamis ba zai yi mamaki ba. Ga mai raƙuma daga Nijar, ga dillalin shanu daga Kano, ga mai motar da za ta yi Kudu, duk a rumfa ɗaya, ana ciniki baki da baki, ana shan ruwa da moɗa ɗaya. Ƙwayar cuta ba ta tsayawa a shingen kwastan. Wannan kuwa ba dalilin ƙyamar baƙo ba ne, domin yawancin masu yaɗa ta ba su san suna ɗauke da ita ba. Cikin mutum goma masu lafiya a kan sami kamar guda wanda ƙwayar ke zaune a maƙogwaronsa, ba ta yi masa kome, amma in ya yi tari ko atishawa sai ta tsallaka ga na kusa da shi.

A kan ji mutane suna cewa zafi ne ke kawo sanƙarau. Da gaskiyarsu ta wani gefe, amma zafi ba shi ne ciwon ba. Ga yadda abin ya ke. In hunturu ya shigo, iska ta bushe ƙayau, ƙura ta cika sama, sai cikin hanci da maƙogwaro su bushe su tsattsage kamar bakin tafki da rani. Sa'an nan sanyi ya kora mutane ɗaka, a rufe ƙofa, a toshe taga da tsumma, a hura wuta, mutum takwas ko goma su kwana suna shaƙar numfashin juna da hayaƙi. Ƙwayar da da ta ke zaune lafiya sai ta sami ƙofa ta shiga jini, daga jini ta haye zuwa tantanin nan na ƙwaƙwalwa da laka. Saboda haka ciwon ya kan fara ɓullowa wajen Disamba ko Janairu, ya yi ƙarfi cikin Maris da Afrilu, da ruwan sama ya sauka iska ta yi laima sai ya kwanta. Watau lokacin da manomi ke sharar gona da kai taki, shi ne lokacin da ya kamata ya fi sa ido kan yaransa.

Alamunsa, da abin da ba a jira

Daga shigar ƙwayar zuwa bayyanar ciwo kwana biyu ne zuwa goma. Ya kan zo farat ɗaya: zazzaɓi mai zafi, ciwon kai mai tsanani, amai, mutum ya ƙi haske, wuya ya sanƙare har ba ya iya sunkuyar da haɓarsa ta taɓa ƙirji. Daga nan ciwon ya sami sunansa. In ya yi nisa sai sambatu, ko farfaɗiya, ko suma. Jariri kuwa ba lalle wuyansa ya sanƙare ba. Shi sai ya ƙi mama, ya yi ta wani irin kuka mai tsini, ko ya yi laƙwas, maɗigarsa ta kumbura ta taso.

Babban kuskuren da a kan yi shi ne a ce zazzaɓin cizon sauro ne, a aika yaro kemis ya sayo ƙwaya, a ce a ga abin da gobe za ta yi. Manomi ya tambayi kansa, cikin watan Afrilu, da tafkuna duk sun ƙafe, ina sauro ya ke da yawa haka? Waɗansu kuma da sun ga sambatu sai su ce iska ce, a kama turare, ko a kira wanzami ya yi ƙaho a ƙeya. Ba wanda ya hana addu'a, ana iya yinta bisa hanyar asibiti. Amma ciwon nan yana iya kashe mutum cikin kwana ɗaya. In ba a yi magani ba, kusan rabin waɗanda ya kama su kan mutu. In an yi, wajen ɗaya cikin goma. Cikin waɗanda suka tashi kuma, kamar ɗaya cikin biyar ya kan bar musu tabo, ko kurumta, ko raunin hannu ko ƙafa, ko nauyin fahimta. Yawancin ƙauyukan ƙasar nan ba su rasa wani kurma wanda aka haife shi da jinsa garau, ciwon bazara guda ya tafi da shi.

Maganinsa allura ce da a ke yi a asibiti, wadda a ke kira ceftriaxone, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon samun sauƙi. Saboda haka ko tsakar dare ne a nemi babur ko mota, a nufi asibiti mafi kusa, in abin ya fi ƙarfinsu su tura Babban Asibitin Gumel. A kuma sanad da mai unguwa da dagaci, domin ma'aikatan lafiya su san inda ciwon ya ɓullo. Da ƙidayar masu ciwo a ke sanin ko lokacin aiko da allurar gaggawa ya yi. Gidan da ya ɓoye nasa ya cuci maƙwabta.

Akwai wani abu da ke tsorata mutane a asibiti, watau ɗibar ruwan baya. A kan ce in an soka allura a baya mutum zai gurgunce. To, ga babba laka ta kan ƙare tun a saman kwankwaso, likita kuwa ƙasa da nan ya ke sokawa, inda ruwa ne da 'yan jijiyoyi masu kaucewa. Ruwan mai lafiya kamar na rijiya mai kyau ya ke, na mai sanƙarau kuwa sau da yawa ya kan fito gurɓatacce kamar tsari. Da shi a ke gane irin ƙwayar da ta shigo gari, da irin allurar da za a kawo.

Tsohon baƙo ne

A Turai, wani likita mai suna Vieusseux ya fara bayyana annobar a birnin Janiba cikin 1805, a 1887 kuma Weichselbaum ya ga ƙwayar da madubin likita a Biyana. A ƙasar nan babbar annoba ta farko da aka rubuta ita ce ta 1905, shekara biyu bayan Turawa sun ci Kano. Daga nan ta riƙa komowa bayan 'yan shekaru, kamar fara. A zamanin nan ba abin da duba-gari ke iyawa sai ya ce a fito da mai ciwo a yi masa bukka bayan gari, a kwana waje, a rage taro. Sai a 1938 aka fito da ƙwayar nan M&B 693 a Ingila, wadda ta rage mutuwa ƙwarai da gaske.

A 1963 wani likitan sojan Faransa, Lapeyssonnie, ya zana taswirar inda ciwon ya fi zama. Ya ga ashe wani ɗamara ne da ya ratsa Afirka ta kudancin Sahara, inda ruwan shekara ke tsakanin milimita 300 da 1,100. Yanzu a kan lissafa ƙasa 26 a cikinsa, daga Sanagal zuwa Habasha. Duk manomin gero da riɗi da wake na ƙasar Gumel ya san gonarsa tana cikin wannan awo. Ƙasar da gero ke so, ita sanƙarau ke so.

Mafi muni da aka gani ita ce ta 1996, sa'ad da mutum fiye da 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu. A cikin wannan shekara ne kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani, Trovan, a Kano. Yara wajen 200 aka sa cikin gwajin, 11 suka mutu, aka yi ta shari'a har 2009 da kamfanin ya yi sulhu da Gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Wannan labari ya zauna a zukatan mutane, kuma ba laifinsu ba ne da suka riƙa tambaya. Amma a bambanta. Wancan gwaji ne na maganin da ba a gama saninsa ba. Allurar rigakafi kuwa irinta ce kowane maniyyaci ke karɓa kafin a bar shi ya shiga Makka, ba a kuma taɓa jin alhajin da ya fasa tafiya dominta ba.

Abin da ya kan rikita mutane shi ne, ƙwayar nan dangi-dangi ce, likitoci sun sa musu haruffa. Dangin A shi ne ya yi ɓarnar 1996. A ƙarshen 2010 aka fito da allurar MenAfriVac a Barkina Faso da Mali da Nijar, ta iso Arewacin Nijeriya a 2011, ta kuwa karya lagon dangin A har ya zama da wuya a gan shi. Sai dangin C ya taso. Shi ya kama mutum fiye da 14,000 a 2017, galibi a Zamfara da Sakkwato da Katsina, shi ne kuma ya zo ƙasar Gumel a 2023. Saboda haka wanda ya ce, "Ai an yi mini allura tun 2011," gaskiya ya faɗa, amma ƙofa ɗaya ya rufe. Cikin Maris 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara aiki da sabuwar allura, Men5CV, mai tare dangi biyar gaba ɗaya, A da C da W da X da Y. 'Yan shekara 1 zuwa 29 aka yi wa, gama su ciwon ya fi kamawa. Duk sa'ad da aka yi shelar masu allura sun zo, mai gida ya tara yaransa, har da wanda ya tafi kiwo da almajiran da ke kwana a zaure. A adana katin kuma, kamar yadda a ke adana takardar gona. Alluran jarirai na asibiti su ma suna tare waɗansu ƙwayoyi dabam masu kawo irin wannan ciwo, kada a tsallake su.

Sauran dabarun ba su cin ko kwabo. A buɗe taga ko da sanyi, a rage yawan masu kwana ɗaki ɗaya, a fid da wuta mai hayaƙi waje, in zafi ya zo a kwana a tsakar gida cikin gidan sauro. Ran da ƙura ta taso a ja rawani ko gyale a rufe hanci, a yawaita shan ruwa. Mai shirin gina sabon ɗaki da kuɗin riɗi ya yi masa taga biyu masu duban juna.

Taki da ƙaya

Akwai wani ciwon jijiya da a kan rikita shi da sanƙarau, shi ne sarƙe-haƙora. Ƙwayarsa cikin ƙasa ta ke da kashin dabbobi, ta kan shiga ta saran fartanya ko sukar ƙaya ko tsohuwar ƙusa, musamman lokacin kai taki da ƙafa ba takalmi. Bayan kwana 3 zuwa 21 sai muƙamuƙi ya ƙi buɗuwa, baya ya gantsare, amma hankalin mutum yana nan sarai, kuma ba ya yaɗuwa daga wani zuwa wani. A wanke kowane rauni da ruwa da sabulu nan take, kada a cusa masa ƙasa ko toka ko kashin shanu, in mai zurfi ne a je a karɓi allura a ranar.

Noma da kaya

Da damina ta kankama sai kukan ya koma na kwankwaso. Mai noma da gajeriyar ƙota yini ya ke a duƙe, gammon nan na tsakanin gaɓoɓi yana matse ta gefe guda. Yawancin irin wannan ciwo na tsoka ne, ya kan wuce cikin 'yan makonni, kuma kwanciya tsawon kwanaki ba ta taimakonsa, gara mutum ya riƙa ɗan motsawa. A ƙasa mai yashi irin ta arewacin Jigawa akwai sauƙi wanda manoman laka ba su da shi, watau ashasha, mai doguwar ƙota, wadda a ke turawa a tsaye. Mangawa da mutanen Nijar sun daɗe da saninta. Ba ta yin huɗa, ba ta kuma shiga ƙasa mai tauri, amma wajen share ciyawa a jigawa tana da sauri, kuma dattijon da bayansa ya fara gajiya ba abin kunya ba ne ya koma gare ta. Mai halin garmar shanu kuwa ya riga ya huta da rabin wahalar.

Da kaka kuma sai buhu. Buhun gero mai kilo 100 ba kayan mutum ɗaya ba ne, ko da samari na gasa a kansa a bakin kasuwa. A durƙusa da gwiwa, a jawo kaya kusa da jiki, a miƙe da ƙarfin cinya, kada a murɗa ƙugu da kaya a hannu. In ciwon baya ya sauko ƙafa kamar ana jan wuta, wata jijiya ce ta matsu, a je a duba. In kuwa ƙafafu suka fara mutuwa, ko mutum ya kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko tsakanin cinyoyinsa ya daina ji, wannan ba na maɗori ba ne, na asibiti ne a ranar nan. Haka kuma ciwon baya mai daɗewa tare da rama da zufan dare, gama tarin fuka ya kan ci ƙashin baya har ya yi ƙusumbi, yana kuwa da magani.

Wanda ya faɗo daga bisa kuka wajen ɗibar ganye, ko daga kan lodin mota ran kasuwa, ko babur ya kayar da shi, in ya ce wuyansa ko bayansa, kada a zaunar da shi, kada a naɗe shi a cusa bayan mota. Sau da yawa ƙashi ne ya karye laka ba ta taɓu ba, ɗaukar gaggawa ce ke ƙarasa ta, laka kuwa in ta yanke ba ta haɗuwa. A ciro ƙyauren ƙofa ko faffaɗan katako, mutum huɗu su ɗaga shi a miƙe, ɗaya yana riƙe da kai daidai da jiki.

Maganin ƙwari

Saura guda wanda ya shafi wannan fili kai tsaye. Da yawa cikin magungunan da a ke fesa wa wake, da irin su fiya-fiya da Sniper, ta jijiya su ke kashe ƙwaro, jijiyar mutum kuwa ba ta fi ƙarfinsu ba. Asalinsu ma abin lura ne: a Jamus cikin 1936 wani masani mai suna Schrader yana neman maganin ƙwari ya faɗa kan gubar yaƙi, danginsu ɗaya. Suna shiga ta fata da numfashi, ba sai an sha ba. Alamun su ne dalalar miyau, zufa, hawaye, ƙwayar ido ta tsuke, tsoka ta riƙa rawa, numfashi ya yi wuya. A tuɓe wa mutum tufafin, a wanke shi da sabulu, kada a ɗura masa madara ko manja, a kai shi asibiti tare da kwalbar domin likita ya ga sunan maganin. Mai feshi ya sa riga mai dogon hannu da takalmi, ya rufe hanci, ya ba iska baya, ya yi da sassafe ko da la'asar, kada ya ci goro ko ya sha taba sai ya wanke hannu. Kwalbar da ta ƙare a fasa a binne, kada ta koma gidan man gyaɗa.

Zuba irin wannan magani cikin waken ajiya kuwa, ban da cutar masu ci, ya riga ya jawo hasara, gama saboda shi ne ƙasashen Turai suka hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015. Buhun PICS, mai leda biyu ciki da buhu a waje, yana kashe ƙwaron wake ta hanyar hana shi iska, ba da ko ɗigon magani ba. Sharaɗinsa wake ya bushe sarai, a duba ledar ba huda, a matse iska, a ɗaure kowace leda dabam, a ɗora bisa katako nesa da bango inda ɓera ba zai kai ba.